Maƙeri a Tatsuniya da Adabin Duniya

Maƙeri yana cikin mutane ƙalilan da ake samu a labaran kusan kowace al'umma da ta san narka ƙarfe. Manoma sun fi shi yawa, fatake sun fi shi dukiya, amma cikin masu sana'ar hannu da wuya a sami wanda ya kai shi yawan fitowa a tatsuniya da almara. Duk inda ya fito kuwa, matsayinsa kusan ɗaya ne: shi yake ƙera takobi, wani yake ratayawa. Sarki ba ya cin yaƙi sai da aikinsa, manomi ba ya huɗa sai da garmarsa, amma ba kasafai labari yake ɗora shi a kan karaga ba. Mutum ne da ake buƙata, ake kuma shakka, kuma daga nan ne siffofinsa suka samo asali: abin bauta, matsafi, fursuna, ɗan tawaye, daga baya kuma talaka mai gaskiya.

Tushen wannan shakka yana cikin sana'ar kanta. Ba a tsintar ƙarfe a shirye. Tama dutse ce, sai an fasa ta, an jera ta da gawayi a tanderun yumɓu, an yi ta zuga har zafi ya haura digiri 1,000, sannan a ciro dunƙule mai datti a yi ta bugu har ya tsarkaka. Aikin ƙarfe ya bazu a Gabas ta Tsakiya bayan shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan an daɗe ana aikin tagulla, kuma a Taruga da ke tsakiyar Nijeriya an tono tanderun da suka kai wajen shekara 2,500. A wurare da yawa ilimin yana hannun 'yan gidaje kaɗan, uba ya koya wa ɗa. Sau da yawa maƙera tana gefen gari saboda tsoron gobara, cikinta kuma da duhu, don da launin ƙarfe maƙeri yake gane zafinsa. Wanda ya leƙa daga waje abin da yake gani shi ne dutse ya shiga, wuƙa ta fito, mutum kuma yana mu'amala da wuta ba ta cinye shi ba.

Labaran da suka fi tsufa sun sa maƙeri cikin alloli, amma a matsayin ma'aikacinsu. Allunan yumɓun da aka fara tonowa a Ugarit, a gaɓar tekun Siriya, a 1929, sun ambaci Kosar, wanda ya ƙera wa Ba'al kulake biyu ya doke abin bautar teku da su, ya kuma gina masa fada. A waƙoƙin Indiya na dā, Tabashtar ne ya yi wa Indira makamin tsawa. Wanda aka fi sani shi ne Hefastus na Girkawa, wanda Rumawa suka daidaita da nasu Bulkan, suka ce maƙerarsa tana ƙarƙashin dutsen Etna mai aman wuta. Gurgu ne. A wata ruwaya uwarsa Hera ce ta jefo shi daga sama don kunyar gurguntarsa, a wata kuma Ziyus ne ya kama shi ta ƙafa ya wurgo shi, ya yini yana faɗowa kafin ya sauka a tsibirin Lemnos. Sauran alloli suna yi masa dariya idan yana ɗingishi a wurin biki, amma a gidajen da ya gina suke kwana. Ba ya ramuwa da ƙarfin tuwo. Da matarsa Afrodit ta ci amanarsa da Ares, abin bautar yaƙi, raga ya ƙera mai sirantar da ido ba ya gani, ya kama su a ciki, ya kira jama'a su shaida.

A littafi na 18 na Iliyad ne Homa ya nuna shi yana aiki, da zuga-zugai ashirin masu bin umarni da barori mata na zinariya masu motsi, yana ƙera wa jarumi Akilis garkuwa. Abin da ya zana a kanta ya cancanci lura. Akwai birnin da aka yi wa ƙawanya, amma akwai kuma ɗaurin aure, da shari'a a dandali, da masu huɗa, da masu girbi, da shanu, da samari da 'yan mata suna rawa. A tsakiyar waƙar da ke cike da kisa, maƙerin ne ya tuna da gona. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda hannun da ya yi mashi shi ya yi lauje. Game da gurguntar kuwa, wasu masana sun danganta ta da gubar arsenik da maƙeran tagulla na farko suke shaƙa, wadda ke lalata jijiyoyin ƙafa. Hasashe ne mai ma'ana, sai dai labarin Weland ya ba da wani dalili da ya fi shiga rai.

Weland, ko Wolundur, shi ne babban maƙerin almarar mutanen arewacin Turai. An rubuta cikakken labarinsa a Aisland a ƙarni na 13, amma ya girme haka nesa, don an sassaƙa hotonsa a jikin wani akwatin ƙashin kifin teku da aka yi a arewacin Ingila a ƙarni na 8. Sarki Nidud ya sa aka kama shi yana barci, aka kwashe zobbansa da takobinsa. Matar sarki ta ga irin kallon da yake yi, ta ba da shawara a yanke masa agara, aka kai shi wani tsibiri, inda zai yi ta ƙira wa sarki shi kaɗai. Ramuwarsa ta munana ƙwarai. Ya yaudari 'ya'yan sarki maza biyu ya kashe su, ya lulluɓe ƙoƙon kansu da azurfa ya aika wa ubansu a matsayin kofuna, ya keta mutuncin 'yar sarki, sannan ya tashi sama ya tsere, a wata ruwaya da fikafikan da ya haɗa da gashin tsuntsaye. Labarin bai wanke Weland ba, bai kuma wanke sarki ba. Abin da ya fallasa shi ne lissafin mai mulki: yana son hannun gwani, yana tsoron ƙafarsa, kada ya tafi ya yi wa abokin gaba aiki. A kudancin Ingila har yau akwai wani tsohon kabarin duwatsu da ake kira maƙerar Weland, wanda wata takarda ta shekara ta 955 ta ambata da wannan suna. Mutanen karkara sun ce idan matafiyi ya ɗaure dokinsa a wurin, ya ajiye kuɗi, ya kauce, zai dawo ya tarar an sa masa ƙarfen kofato.

Irin wannan lissafi ya bayyana a Sin, ba tare da alamar wani ya ji daga wani ba. Gan Jiyang ya shekara uku yana ƙera wa sarkin Cu takubba biyu, namiji da mace. Ya san sarki zai kashe shi, sai ya ɓoye namijin, ya bar wa matarsa Mo Ye, wadda ke da ciki, wasiyya. Ɗan ya girma ya tono takobin, ya ba da kansa ga wani baƙo da ya yi alkawarin ɗaukar masa fansa, labarin ya ƙare da kawuna uku a tukunya ɗaya, na yaron da na sarki da na baƙon, har aka kasa bambance su, aka binne su tare. An rubuta shi a ƙarni na 4, kuma marubuci Lu Shun ya sake tsara shi a shekarun 1920. A almarar mutanen arewacin Turai kuma, wadanni biyu 'yan'uwa ne suka ƙera gudumar abin bautarsu Tor, ƙotarta ta gajarta saboda ƙuda ya ciji mai zuga a fatar ido, ya ɗan saki zuga-zugi ya share jini. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ƙirar ba ta mai masaba ba ce shi kaɗai.

A Farisa maƙerin ya miƙe tsaye. Shahnama, wadda Firdausi ya kammala a 1010, ta ba da labarin azzalumin sarki Zahhak, mai macizai biyu a kafaɗa, waɗanda ake ciyar da su da ƙwaƙwalwar samari biyu kullum. Zahhak ya tara manya su sa hannu a takardar da ke shaida adalcinsa. Ana cikin haka Kawa maƙeri ya shigo fada yana kuka a kan ɗansa da aka kama. Aka sakar masa ɗan, aka ce shi ma ya sa hannu. Ya yayyaga takardar, ya tattake ta, ya fita kasuwa, ya cire walkinsa na fata ya ɗaura a kan mashi, jama'a suka bi shi. Wannan walki, bayan an ƙawata shi da duwatsu masu daraja, shi aka ce ya zama tutar sarakunan Farisa. Kurdawa suna tuna Kawa duk shekara a bikin Nauroz na watan Maris, suna kunna wuta a kan tuddai. Amma ko Kawa bai hau gadon ba. Ya kai jama'ar ga Faridun, ɗan sarauta, shi aka naɗa. Tarihi ya ɗan fi almara karamci a nan: littattafan Sin sun ruwaito cewa Turkawan farko maƙeran daular Ruran ne, kuma da shugabansu Bumin ya nemi auren 'yar sarki aka kira shi bawa maƙeri, sai ya yi tawaye ya rushe daular a 552.

Al'ummar Musulmi tana da nata ma'aunin, wanda ba daga tatsuniya ya fito ba. Alƙur'ani ya ba da labarin tausasa ƙarfe ga Annabi Dawuda (AS) da koya masa saƙa sulke, ya kuma bayyana yadda Zulƙarnaini ya toshe tsakanin duwatsu biyu da guntayen ƙarfe, aka zuga su suka zama wuta, aka kwarara narkakkiyar tagulla. Akwai sura guda mai sunan ƙarfe. Khabbab ɗan Aratti, cikin sahabban farko da aka azabtar a Makka, maƙerin takubba ne, kuma a gidan wani maƙeri a Madina aka shayar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Wannan ya ba maƙera a ƙasashen Musulmi asalin da za su jingina da shi, da yawa daga cikinsu suna kai sana'arsu ga Annabi Dawuda. Bai shafe tsohon rainin da wasu Larabawa da makiyaya suke yi wa aikin ƙira ba, amma ya rage masa hujja.

Babu nahiyar da labarin maƙeri ya yi rassa kamar Afirka. A ƙasar Mande maƙera rukuni ne na gado da ke aure a tsakaninsu, matansu ne magina tukwane, mazan su ne masu yin kaciya da jagorancin ƙungiyar asiri ta Komo. Daga cikinsu aka ce Sumanguru Kante, sarkin Soso, ya fito. A labarin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali, kamar yadda Djibril Tamsir Niane ya buga shi a 1960 daga bakin wani maroƙin gado, Sumanguru matsafi ne da ƙarfe ba ya cinsa, don shi ne ubangidan ƙarfe. Sai da 'yar'uwar Sunjata ta gano asirinsa, aka harbe shi da kibiya mai ƙayar ƙafar farin zakara a yaƙin Kirina, wajen 1235, ya gudu ya ɓace a dutsen Kulikoro. Sai dai labarin bai sa maƙera duka a ɓangare ɗaya ba. Sandar ƙarfen da gurgun yaro Sunjata ya dafa ya miƙe, maƙerin fadar ubansa ne ya ƙera ta, kuma Fakoli, ɗan 'yar'uwar Sumanguru, ya koma wajen Sunjata da mutanensa bayan kawun ya ƙwace masa mata. Abin da maroƙan Mande suka adana shi ne yadda aka raba aiki a daular Mali: sarauta ga wasu, ƙira ga wasu, kuma maƙerin da ya haɗa biyun shi ne mugun labarin.

Ogun, abin bautar ƙarfe na Yarabawa, ya zo da wannan gargaɗi ta wata hanya. Shi ne ya sare dajin da ya hana alloli saukowa duniya, da addarsa ta ƙarfe. Mutanen Ire suka naɗa shi sarki ba da son ransa ba, wata rana ya sha bammi ya afka wa nasa mutanen da sara, da ya farga ya nutse cikin ƙasa. Mafarauta da direbobi da makanikai suna girmama shi, masu binsa da ƙarfe suke rantsuwa, bayi sun tafi da sunansa Barazil da Kuba da Haiti, kuma Wole Soyinka ya gina doguwar waƙarsa Idanre ta 1967 a kansa. A tsakiyar Afirka kuwa ana yaba sarki maƙeri. Wani ɗan mishan na Italiya ya rubuta a ƙarni na 17 cewa wanda ya kafa sarautar Ndongo, a Angola ta yau, maƙeri ne da ya ciyar da jama'a lokacin yunwa suka naɗa shi, kuma a Ruwanda an sami uwar maƙera guda biyu a kabarin wani sarki, kusa da kansa. A Buganda ana ba da labarin Walukaga, wanda sarki ya umarta ya ƙera mutum mai rai. Wani mahaukaci ya ba shi shawara ya nemi gawayin gashin mutane da tulunan hawaye a matsayin kayan aiki, sarki ya kasa tarawa, ya janye umarninsa. A ɗaya gefen kuma, a tsaunukan Mandara maƙera ne masu binne gawa, ba a auratayya da su, kuma a Habasha an daɗe ana zarginsu da kambun baka da rikiɗa kura da dare. Wannan zargi ya jawo wa mutane na gaske wariya da wahala, bai kamata a karanta shi a matsayin nishaɗi kawai ba.

A ƙasar Hausa maƙeri yana bakin ƙofar tarihi. Ruwayar baka ta ce Abagayawa, mazauna Kano na farko, zuriyar wani maƙeri ne mai suna Kano da ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin Dala, kuma masu tono sun sami shaidar narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. A labarin Bayajidda ma Gaya ce: a can maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Sunan jarumin ya tsaya, na maƙeran bai tsaya ba. Hausawa ba su killace maƙera yadda Buzaye suka killace nasu ba. Ƙira sana'ar gado ce mai sarautarta, Sarkin Maƙera, da rabuwarta, maƙeran baƙi masu garma da gatari, maƙeran fari masu azurfa da tagulla, da kiɗanta na dundufa, da wasan da ke tsakanin maƙera da Buzaye. Wasan wutar da suke yi a bukukuwa, suna damƙar jan ƙarfe a gaban jama'a, shi ne wurin da tsohon kwarjinin yake bayyana a fili.

A Turai ta zamanin Kiristanci maƙerin ya sauko daga sama ya koma ɗan ƙauye mai wayo, abokin karawarsa kuma Shaiɗan. Tatsuniyar da masana suka ba lamba 330 a kundin rabe-raben tatsuniyoyi tana cewa maƙeri ya sayar da ransa don ya sami gwaninta, sannan ya sami ikon manne abu da abu. Da Shaiɗan ya zo karɓar bashi sai ya manne shi a kujera, ko a bishiya, ko ya rufe shi a jaka ya ɗora a uwar maƙera ya yi ta bugu har ya yafe. Wani bincike na 2016, na Sara Graça da Silva da Jamshid Tehrani, ya kiyasta shekarunta da kusan 6,000, ƙiyasin da wasu masana suka yi jayayya da shi. Ingilawa sun jingina irinta ga Dunstan, babban limamin Kantabari da ya rasu a 988, suka ce ya kama hancin Shaiɗan da awartaki mai zafi. A labarin marubuci Gogol na 1832, Bakula maƙeri ya hau bayan Shaiɗan har birnin Fitasbag don ya samo wa budurwarsa takalman sarauniya.

Ƙarni na 19 ya sauya hoton baki ɗaya. A Finland, Eliyas Lonrot ya tattara waƙoƙin baka ya fitar da Kalebala a 1835, inda Ilmarinen ya ƙera Sampo, wani abin niƙa mai fitar da hatsi da gishiri da kuɗi, wanda surukarsa ta kulle a cikin dutse, ya kuma ƙera wa kansa mata ta zinariya ya tarar jikinta sanyi ƙalau. Amma a ƙasashen da masana'antu suka kafu, asirin ya riga ya fita daga hannun maƙeri, musamman bayan dabarar Bessemer ta 1856 ta arahantar da ƙarfe. Da tsoro ya kau, sai kewa ta maye gurbinsa. Longfellow ya yi waƙar maƙerin ƙauye a 1840, mutum mai cin guminsa. Dickens ya kawo Joe Gargery a Great Expectations (1861): bai iya karatu ba, matarsa tana dukansa, yaron da ya rena yana jin kunyarsa bayan ya sami kuɗi, amma shi ya yi jinyarsa ya biya masa bashi. Magagarin da yaron ya sata a maƙerarsa, wanda fursuna ya yanke mari da shi, shi ya ɗaura zaren labarin duka. Zola, a 1877, ya tsayar da maƙerinsa Goujet a gaban injin da ke fitar da ƙusoshi, yana kallon abin da ke rage masa lada. Camara Laye na Gini ya rubuta irin wannan rabuwa daga ciki a L'Enfant noir (1953): uba yana narka zinariya a Kurusa, maroƙi yana yi masa kirari, baƙin maciji yana ziyartarsa, ɗa kuma yana kan hanyar makaranta da Faransa.

Adabin ƙage na zamani ya dawo da tsofaffin siffofin. Tolkien, wanda malamin tsohon adabin arewacin Turai ne, ya sa babban mugunsa Sauron ya zama almajirin ƙira da ya yi zoben mulki a cikin dutse mai aman wuta, ya kuma sa aka sake haɗa karyayyen takobin sarauta kafin magaji ya fito. Fim ɗin Iron Man na 2008 ya fara da gwanin da aka raunata, aka tsare a kogo, aka tilasta masa ƙera makami, ya ƙera sulke ya tashi sama ya tsere, wato ƙashin bayan labarin Weland. A wasannin kwamfuta maƙeri ya zama wanda ɗan wasa yake zuwa wurinsa a gyara masa makami kafin ya wuce gaba. Sabon abin da zamani ya ƙara shi ne mace a bakin wuta. A al'adun narka tama da yawa na Afirka ana nesanta mata daga tanderu, kuma tsofaffin labarai ba su cika ba su masaba ba, amma a shirin The Mandalorian da aka fara a 2019 mace ce take ƙera sulken mutanenta, ita ce kuma mai kiyaye dokokinsu da yanke hukunci a tsakaninsu.